Ranar da Danjojin Haidarabad Suka Ba Mu Hanya

Mu biyu muka sauka a Haidarabad ta ƙasar Indiya, ni da taubashina Sa'idu, autan goggona da ke aure a Maikujera. Ni mutumin Dinawa ne, ƙasar Wurno. Na yi difloma a fannin lantarki a Sakkwato, na dawo gida ina haɗa wa manoman albasa sola ta ban-ruwa, daga fadamar Wurno har bakin dam ɗin Goronyo. Sa'idu ne mai walda da hawa sama, ni ne mai haɗa waya. Wani mutum da muka yi wa aiki a birni shi ya nuna mana tallar makarantar a wayarsa: shekara guda ana koya wa mutum yadda ake haɗa danjojin gari da kwamfuta, fitilun kan titi su riƙa ba da hannu gwargwadon yawan motoci, daga ƙarshe a ba shi takardar shaida. Muka ga sana'a ce da babu mai ita a wajenmu. Iyayenmu suka sayar da abin da za su iya sayarwa, muka tafi.

A hoto, makarantar dogon bene ce mai gilashi. Wadda mai keke ya ajiye mu a ƙofarta ɗaki biyu ce a saman shagon faci. Na sa shi ya sake duba adireshin har sau biyu. Mai makarantar, wanda kowa ke kira Darakta, gajeren mutum ne mai yawan fara'a. Ya rungume mu, ya sa aka kawo mana shayi, ya ce babban ginin ana gyaransa ne. Sannan ya miƙo hannu ya ce mu ba shi fasfo ɗinmu, zai kai ofishin baƙi a yi mana rajista kamar yadda doka ta ce. Na riƙe nawa a aljihu ina jinkiri. Sa'idu ya zungure ni da gwiwar hannu.

“Ba shi, Lauwali. Mi za shi yi da hoton wanga hanci naka?”

Na yi dariya na miƙa.

Aka ba mu ɗaki a wani lungu, mu da wasu samari daga Sudan da Yuganda. Katifu ne a ƙasa, tagar ɗakin tana kallon bangon maƙwabta. Abincinsu ya ƙi karɓar cikinmu. Yaji ba ya ba mu tsoro, amma tsami da ƙamshin da suke zubawa sun sa mun rame cikin ɗan lokaci. Sa'idu ba ya maganar komai sai fura. Wata rana a kasuwa na juya ban gan shi ba, sai can na hango shi tsugune gaban tulin albasa, ya ɗauki ɗaya yana shinshinawa, mai kayan yana ta yi masa faɗa da yaren da ba mu ji. In mun kira gida kuwa, sau da yawa layin ƙauyukanmu ba ya shiga, ga labarin 'yan bindiga da muke gani a waya, yau an ce hanyar Goronyo, gobe an ce wajen Rabah. In layi ya shiga, mu ce musu lafiya lau, su ma su ce mana lafiya lau, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

A masallacin lungun muka san wani tsoho mai sayar da shayi. Mutane suna kiransa Caca Yusuf, wato baffa da yarensu. Ranar da muka fara jin sunan, sai da muka fita waje muka yi dariyarmu, Sa'idu yana cewa bai taɓa ganin caca mai gemu da carbi ba. Ba ya jin Turanci, mu ba mu jin yarensa. Tsakaninmu da shi sai sallama da nuni da hannu. Shi ya lura ba mu iya cin abincin kanti, ya kawo mana tsohon risho da tukunya, ya kai mu inda ake sayar da gero. Ranar da muka dama kunu na farko, mun kai masa a kofi, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya shanye don kada mu ji kunya.

Karatu bai yi nisa ba. Bayan 'yan makonni na kwafe zane daga allo, Darakta ya ce lokacin koyo a aikace ya yi. Ya miƙa mu ga wani ƙaramin ɗan kwangila da ke yi wa babban kamfanin danjojin birnin aikin ƙarfi. Aka ba mu riguna masu ruwan ɗorawa da hular kwano. Kullum da safe a-kori-kura takan kwashe mu, direbanta wani mai shiru-shiru ne ana ce masa Ramesh. Mu haƙa rami, mu ja kebul a ƙarƙashin titi, mu hau tsani mu goge kyamara ko mu canza fitila. Ba a biyanmu, tunda an ce mu ɗalibai ne. Daga baya na gane Darakta ake biya.

Duk da haka, a kan titin nan na ga abin da ya kawo ni. A kowace mahaɗa akwai akwatin ƙarfe a gefen hanya, a jikin murfinsa ta ciki an manna zanen wayoyinsa. In ana hutu nakan tsaya ina karanta zanen. Wata rana wata mata ta same ni a haka. Injiniya ce daga babban kamfanin, sunanta Kabita, ta zo da kwamfutarta ta hannu don ta gwada akwatin. Ta tambaye ni mi nake kallo, na nuna mata inda ban gane ba. Maimakon ta kore ni, sai ta juyo da kwamfutar ta yi mini bayani: kyamarar da ke sama tana ƙirga motocin kowane hannu, akwatin yana aika ƙirgar zuwa babban ɗakin da ke tsakiyar gari, kwamfutar can ita ke ƙara wa wannan hannu kore ta rage wa wancan, kuma tana jera mahaɗun hanya ɗaya, ta yadda wanda aka saki a nan zai tarar da kore a gaba. Na ce mata haka ake rabon ruwa a gonakin Goronyo, a buɗe wa wannan layi, na kusa da shi ya jira. Ta yi dariya ta ce haka ne, sai dai ruwa ba ya danna oda.

Daga ranar, in ta zo mahaɗar da muke aiki takan kira ni in riƙe mata waya, tana gwaji tana faɗa mini abin da take yi. Sau ɗaya ta shigar da mu babban ɗakin. Sanyi kamar cikin firji, bango guda cike da alluna, kowane yana nuna wata mahaɗa, ga 'yan sandan hanya zaune tare da injiniyoyi. Sa'idu ya gano wata fitila da shi ya ɗaura ta, ya yi ta nuna mini ita. Ni kuwa ganin kakin 'yan sanda ya hana ni sakewa. Da za mu fita ta ba ni lambar wayarta, ta ce in na ga akwatin da ruwa ya shiga in sanar da ita kai tsaye.

Maganar fasfo ita ce ta hana ni barci. Duk lokacin da na tambayi Darakta sai ya ce mako mai zuwa. Ana cikin haka aka fara kamen baƙaƙen fata da bizarsu ta ƙare. Aka kwashe wasu 'yan Afirka a unguwar da ke bayanmu, ɗaya daga cikin 'yan Sudan ɗin ɗakinmu ya fita sayen burodi bai dawo ba. Mu kuma aikinmu a gaban 'yan sanda muke yinsa. Duk motar sintiri da ta tsaya a danja, sai in sunkuyar da kai cikin akwati kamar ina ɗaure wani abu, gumi yana bin bayana. Rigar aikin ce ke rufa mana asiri, don ba mai kallon fuskar lebura.

Da na gaji, na hau benen ni kaɗai na ce wa Darakta ba zan sauka ba sai da fasfo ɗinmu. Ranar ce na fara ganinsa ba fara'a. Ya rufe ƙofa ya ce mini bizar karatu muka shigo da ita, ga shi mun yi watanni muna aikin ƙwadago, wanda laifi ne babba. In ya ɗaga waya ya faɗa, kurkuku za mu. Ya ce in koma aiki in kama bakina, in shekara ta cika zai san yadda zai yi da mu. A nan na tabbata ba a taɓa yi mana wata rajista ba. Na sauko. Da na gaya wa Sa'idu sai ya ce mu daure, ai saura kaɗan, ba za mu koma Maikujera hannu biyu ba bayan an sayar da shanu a kanmu.

Sai damina ta faɗi. Ruwan can in ya sauko, titi yakan koma gulbi, akwatuna su jiƙe, danjoji su mutu. Wata rana bayan la'asar, iska ta yi ɓarna, aka tura mu wata mahaɗa da fitilunta suka ɗauke gaba ɗaya. Shugaban leburori ya ce an kashe wutar layin, Sa'idu ya hau ya duba fitilar da ke kan dogon ƙarfen da ya miƙo tsakiyar titi. Ina ƙasa ina riƙe da tsani. Ba wanda ya lura iska ta saukar da wata babbar wayar lantarki daga falwayar da ke kusa, ta kwanta a bayan ƙarfen. Na ji ƙara kamar an fasa taya, na ga haske, sai ga Sa'idu ya faɗo a gabana.

Tafin hannunsa na dama ya ƙone ya yi baƙi, jini yana zuba daga ƙeyarsa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na kira sunansa bai amsa ba. Mutane suka taru. Shugaban leburori ya koma gefe yana waya, can ya zo ya manna mini ita a kunne. Darakta ne. Ya ce mu kai shi ɗaki, zai turo likita. In muka kuskura muka shiga asibiti, a ƙofa za a kira 'yan sanda, daga ni har shi sai kurkuku.

Na tsaya riƙe da wayar, ruwa yana dukana. Sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Ramesh ne ya saukar da murfin bayan a-kori-kura, ya zo ya kama ƙafafun Sa'idu yana kallona. Na jefar da wayar na kama kafaɗunsa.

Asibitin da ke karɓar ƙuna yana can ɗaya gefen gari, ga shi lokacin tashi daga aiki, ga ruwa. Ba mu yi nisa ba muka shiga cunkoso, motoci da babura sun cushe har inda ido ya tsaya. Ramesh yana danna oda, ba inda za a matsa. Ina zaune a baya, kan Sa'idu a cinyata, na cire rigata na danne masa ƙeya. A nan na tuna da lambar Kabita. Na ciro tawa wayar na kira ta. Ban san da wane irin Turanci na yi mata bayani ba. Ta tambayi lambar motar da titin da muke, na ji tana magana da wani da sauri da yarensu, sannan ta dawo kaina.

“Na gan ku. Jami'in 'yan sandan hanya da ke aiki a nan ya yarda. Ka ce wa direba ya kunna duk fitilunsa, ya bi babban titi, kada ya ratse ko'ina. Kada ka kashe wayar.”

Da farko ba abin da ya canza. Na ɗaga kai na hango danjar gabanmu ja, na ce a raina ba ta gane inda muke ba. Ashe ta gaba ta fara buɗewa don layin ya zube. Can sai jan ya koma kore, motocin gabanmu suka motsa, koren bai ɗauke ba har muka wuce. Muka doshi ta biyu, tun daga nesa na ga ta yi kore ta tsaya a haka. Ta uku ma haka. A hannun hagu da dama an tsare mutane, oda tana tashi kamar za a tsaga gari, wani ɗan sanda cikin rigar ruwa yana kaɗa mana hannu mu wuce. Wasu mahaɗun ni na ja kebul ɗinsu, na san ramin da ke gindin kowace. Ina salati, ina jin muryarta a kunnena tana kiran sunayen mahaɗu ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta ce mahaɗa ta gaba ba ta karɓar umarninta. Ruwa ya yanke layin, ba ta ganin komai a can, sai mun yi da kanmu. Muka iso muka tarar fitilun a mace, motoci daga hannu huɗu sun sarƙe. Na kwantar da kan Sa'idu a kan hular kwano, na dira. Ba riga a jikina, jini har gwiwar hannu, na shiga tsakiyar titi ina dukan gaban motoci da tafi ina ihu da Hausa. Ban san mi suka gani ba, amma wani direban bas ya ja da baya, wasu masu babura suka sauka suka tare hanya da jikinsu, aka buɗe mana 'yar kafa. Ramesh ya kutsa, na kama ƙarfe na haye tana tafiya.

Da na koma na tarar idon Sa'idu a buɗe. Ya motsa baki, na kai kunnena.

“Lauwali, hannuna na nan?”

Na ce masa yana nan. Ya sake lumshe ido.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, suka tura shi ciki a kan gado mai taya, aka rufe ƙofa. A bakin ƙofar akwai teburin ɗan sanda, kamar yadda Darakta ya faɗa. Ya tambaye ni fasfo. Na zauna a benci na gaya masa komai, tun daga shagon faci. Kafin isha'i ina bayan kanta.

Kwanakin da na yi a tsare su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba a doke ni ba, amma ba mai gaya mini ko Sa'idu yana raye. Duk wanda ya wuce in tambaye shi, ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a. Ina ta tunanin yadda zan tsaya a gaban Goggo in ce mata na baro autanta a ƙasar da ko kabarinsa ba za ta gani ba. Abinci ya ƙi shiga.

Wata safiya aka ce ina da baƙo. Caca Yusuf ne, riƙe da kwanon shinkafa ɗaure a ƙyalle. Ramesh ne ya je lungunmu ya nemo shi, ya kai shi asibiti. Na kama ƙarfen ƙofa na ce, “Sa'idu?” Tsohon ya ɗora tafinsa a ƙirji, ya ja numfashi ya sauke, ya ja ya sauke, ya ce alhamdu lillahi. Na durƙusa. Ya bari sai da na ɗago, sannan ya miƙo hannunsa na dama, ya sa yatsan hagu ya ja layi a wuyan hannun. Ya daɗe yana kallona don ya tabbata na gane.

Kabita ta zo ofishin 'yan sanda ta ba da shaida cewa ɗan kwangila ne ya turo mu, kuma an gaya wa kamfaninsu mu ɗalibai ne masu cikakkun takardu. Kamfanin ya ɗauki nauyin asibiti. Darakta kuwa ya gudu tun daren ranar. Da aka fasa ofishinsa aka sami fasfo ɗinmu da na wasu da yawa a cikin gwangwanin biskit. Hukuma ta ce an cuce mu, amma duk da haka mun karya doka. Aka sake ni, aka ba mu takardar fita, aka ce da zarar an sallami Sa'idu mu bar ƙasar. Ba takardar shaida, ba komai. Ranar tafiya Kabita ta turo mini littattafan aikin a waya, Caca Yusuf ya raka mu har bakin titi yana riƙe da jakar Sa'idu, ya ƙi bari kowa ya karɓa.

Tun a gadon asibiti Sa'idu ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa a gida. Ya ce ba maganar waya ba ce, shi zai nuna wa tsohuwarsa da kansa. Saboda haka duk hanya, daga jirgi zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Rabah, har muka hau kabu-kabu zuwa Maikujera, yana sanye da babbar riga, dungulmin hannun yana cikin aljihu. A ƙofar gida maza suka taso gaisuwa, ya riƙa rungumarsu da kafaɗa yana dariya, ba wanda ya lura.

Goggo ta shigar da mu ɗakinta, ta yi ta kallonmu tana cewa mun rame. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta ajiye ruwan wanke hannu, ta zauna a bakin gado. Na wanke nawa. Sa'idu ya tsoma na hagu a ruwa, ya kai shi kwano.

“Auta,” in ji ta, “can Indiya da hauni aka cin tuwo?”

Ya sunkuyar da kai, ya zaro hannun daga aljihu a hankali, ya ɗora shi a kan gwiwarsa.

Goggo ta dubi hannun, ta dube ni, ta sake duban hannun. Leɓenta yana motsi, na san Innalillahi take yi. Ta sauko daga gado ta zauna a tabarma kusa da shi, ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannunta. Ta yanki loma, ta dangwali miya, ta kai bakinsa. Ya kau da kai, hawaye suna zuba. Ta riƙe lomar a wurin, ba ta sauke ba, har sai da ya buɗe baki ya karɓa.

Ta sake yankar wata. Ba ta dube ni ba ta ce, “Lauwali, sa hannu kai ma. In kun ƙoshi ku ba ni labari.”